Baristan da ba ya zuwa kotu

Idan Bahaushe ya ji an ce barista, lauya ne ke faɗo masa a rai. A Italiya kuwa barista shi ne wanda ke tsaye bayan kanta yana haɗa wa jama'a gahawa da sauran abin sha. Sunayen biyu asalinsu ɗaya ne, wato kalmar Ingilishi "bar", mai nufin shinge: na kotu ya ba lauya sunansa, na shago kuma ya zama kantar da ake miƙo abin sha a kanta. Italiyawa suka ari kalmar suka ɗora mata "-ista", ɗafin da ke nuna mai sana'a.

Sana'ar ta girma ne tare da inji. A 1901 Luigi Bezzera na birnin Milan ya yi rajistar injin da ke dafa gahawa kofi-kofi cikin hanzari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Achille Gaggia ya fito da mai hannun ja, wanda ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa har kumfa mai ruwan zuma ta hau kai. Wannan shi ne esfireso. Sunan barista ya bazu duniya bayan Howard Schultz ya ziyarci Milan a 1983, ya koma Amurka da salon da aka san shagunan gahawa na Starbucks da shi yau.

To, ina gwanintar take? Tana cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 da ruwa ke ɗauka yana ratsa garin gahawa. Barista zai niƙa ƙwayar, ya zuba garin a ɗan kaskon ƙarfe, ya daidaita, ya danne shi daidai wa daida. Idan niƙan bai yi laushi ba, ruwa zai wuce a guje, gahawar ta fito da tsami, ba kauri. Idan ya yi laushi da yawa, sai ta riƙa ɗiga da ƙyar, ta yi ɗaci. Danshin iska ma yana sauya gari, shi ya sa gwani ke ɗanɗanawa yana gyara injin niƙa daga safe zuwa yamma. Madara kuma da tururi yake kaɗa ta, tafin hannunsa a jikin butar ƙarfe, kunnensa yana bin sautin. Da ta wuce zafin digiri 65 ko kusa da haka, zaƙinta ya fara gudu.

Duk wannan barista yana yin sa ne ana cincirindo a gabansa, domin Italiyawa a tsaye suke kurɓewa su wuce. Kamar mai shayin unguwa, ya san wanda ba ya son sukari tun kafin ya buɗe baki.

Tun 2000 ake gasar baristoci ta duniya, wadda aka fara a Monte Carlo. Amma alƙalan da suka fi wuyar gamsarwa su ne masu dawowa kowace safiya, suna sa ran kofin yau ya yi daidai da na jiya. Mai iya cika musu wannan buri kullum ya cancanci a kira shi gwani.