Masuntan Tafkin Madarunfa

Su a Tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, sana'a ce mai son haƙuri. Tafkin yana cika da damina, ya ja baya da rani, masunta kuwa sun san maɓuyar kifi a kowane lokaci. Da yamma suke kafa kalli da mamari, su komo da asuba su kwashi tarwaɗa da karfasa. Jefa birgi ya fi wuya: mutum yana tsaye cikin kwale-kwale, ya murɗa kafaɗa, ragar ta buɗe zagaye kafin ta taɓa ruwa. Mata ke saye a gaɓa, su soya ko su ƙyafe. Da gumin masuntan nan gidaje da dama ke samun kifin miya, sun cancanci jinjina.