Kalevala: Waƙar Jama'a Ko Littafin Mutum Guda? Sharhi a Kan Matsayinta a Nazarin Adabin Arewacin Turai

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan matsayin da ake ba littafin Kalevala na ƙasar Finlan a jami'o'in da ke koyar da harsuna da adabi da al'adun ƙasashen arewacin Turai, watau Denmak da Norwe da Suwidin da Aislan da Finlan. Irin wannan karatu ya daɗe da kafuwa har a wajen ƙasashen su kansu, domin Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta fara shi tun 1875, Kwalejin Jami'a ta Landan kuma ta buɗe nata sashen a 1918. Harsunan ƙasashe huɗu na farko 'yan ɗaki ɗaya ne, daga tushe guda suka fito, har ma mutumin Oslo da na Stockholm sukan yi hira kowa da harshensa. Harshen Finlan kuwa bare ne a cikinsu. Danginsa su ne harshen Estoniya da na Hangare. Saboda haka ɗalibin da ya zaɓi harshen Suwidin ko na Norwe ba shi da hanyar karanta Kalevala sai ta fassara, kuma sau da yawa yakan gamu da ita ne a darasin almarar mutanen da, kafaɗa da kafaɗa da littattafan Edda da hikayoyin Aislan waɗanda aka rubuta a ƙarni na 13. A ganina wannan mazauni ba nata ba ne. Kalevala rubutaccen adabi ce ta ƙarni na 19, tana da mawallafi, kuma rufe wannan magana tauye haƙƙi ne ga mawallafin da mawaƙan da ya ɗebo daga bakinsu baki ɗaya.

Bari mu fara da yadda littafin ya samu. Finlan ta shafe ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Suwidin kafin ta koma hannun Sarkin Rasha a 1809. Harshen mulki da na makaranta shi ne na Suwidin, na Finlan kuwa an bar wa manoma. A cikin wannan hali ne aka kafa Ƙungiyar Adabin Finlan a 1831, ita ce kuma ta tallafa wa wani likita mai suna Elias Lönnrot (1802 zuwa 1884) ya riƙa yawon tattara waƙoƙin baka. Ya yi tafiye-tafiye 11 tsakanin 1828 da 1844. Waƙoƙin jarumta mafi armashi ba a cikin Finlan ya same su ba, sai da ya ƙetare iyaka zuwa Kareliya ta Rasha. Can ne a 1834, a ƙauyen Latvajärvi, wani dattijo mai suna Arhippa Perttunen ya rera masa ɗango wajen 4,000 cikin 'yan kwanaki. A 1835 Lönnrot ya fitar da Kalevala ta farko mai babi 32 da ɗango 12,078. A 1849 ya fitar da ta biyu mai babi 50 da ɗango 22,795, bayan ya haɗa da abin da wasu matattara suka kawo, musamman D. E. D. Europaeus. Wannan ta biyu ita ce duniya ta sani.

Waƙoƙin duk kari ɗaya gare su. Ɗango yakan ƙunshi gaɓa takwas, babu amsa-amon ƙarshe, babu rabon baitoci. Abin da ke riƙe da su shi ne karangiya, watau maimaita sauti ɗaya a farkon kalmomi, da kuma sake faɗin ma'anar ɗango a ɗangon da ke biye da wasu kalmomi. Da wannan kari ɗaya ake waƙar jarumta da ta aure da ta reno da surkullen masu magani. Wannan ne ya sauƙaƙa wa Lönnrot aikinsa, domin yana iya ciro ɗango biyu daga waƙar aure ta kudu ya dasa su cikin waƙar yaƙi ta arewa ba tare da kunne ya ji mahaɗar ba. Amma babu wani mawaƙi da ya taɓa rera abu mai tsawon Kalevala. Waƙar Arhippa a kan Sampo, wato dutsen niƙan nan na sihiri mai fitar da hatsi da gishiri da kuɗi, tana cikin mafiya tsawo da aka samu, kuma ɗango wajen 400 ce kawai.

Masu kare littafin sukan fake da lissafin Väinö Kaukonen, wanda ya bi ɗangogin ɗaya bayan ɗaya ya gano asalinsu. Bisa ga bincikensa, kimanin kashi 33 cikin ɗari sun zo daidai da yadda aka ji su, kashi 50 Lönnrot ya ɗan taɓa su, kashi 14 ya ƙera su daga kalmomin mawaƙa, kashi 3 kaɗai ne nasa na kansa. Sai a ce, ashe hannunsa bai wuce kashi 3 ba. Wannan hujja ba ta karɓuwa, domin ta ɗauka cewa a cikin ɗango mawallafi yake zaune. Magini bai buga tubali ko ɗaya ba, amma shi ya san inda zaure zai fuskanta da inda turaka za ta zauna, kuma ba wanda zai ce masu buga tubali ne suka yi gidan. Hannun Lönnrot yana cikin zubi da tsari: wane labari ne zai gabaci wane, wa ya jawo wa, wane ne ɗan'uwan wane.

Labarin Aino, a babi na 3 zuwa na 5, ya ishe mu misali, kuma zan ɗan daɗe a kansa. Saurayi Joukahainen ya ƙalubalanci dattijo Väinämöinen gasar waƙa, dattijon ya rera shi har ya nutse cikin fadama, ya fanshi kansa da alkawarin ƙanwarsa Aino. Uwa ta yi murna da samun babban suruki. Yarinya ta ƙi, ta gamu da dattijon a daji, ta watsar da kayan adonta, ta nufi bakin ruwa ta nutse. Daga baya dattijon ya kamo wani kifi, yana shirin yanka shi kifin ya suɓuce, ya bayyana masa cewa ita ce. Mai karatu zai rantse labari ɗaya ne tun fil azal. Alhali kuwa waƙoƙi uku ne waɗanda ba su san juna ba: waƙar gasa, da waƙar wata yarinya da ta rataye kanta bayan wani baƙo ya tare ta a daji, da waƙar kamun budurwar ruwa. Lönnrot ne ya ɗinke su, ya mai da ratayar nutsewa domin labarin kifi ya sami madafa. Sunan ma shi ya raɗa, daga wata kalma mai ma'anar tilo. A bugun 1835 gasar tana can kusa da ƙarshen littafi; a 1849 ya dawo da ita farko. Ta fuskar fasaha wannan ɗinki ya yi kyau ƙwarai. A waƙar baka gasar wasa ce ta nuna ƙarfin baki, wanda ya ci ya ci. A littafi kuwa nasarar dattijon ta jawo ran yarinya, kuma tun daga babi na 5 mai karatu ya san cewa wannan gwarzo mai ilmi ba zai taɓa samun mata ba. Wannan tunani ne na marubuci wanda ya san inda labarinsa zai dire. Abin ya kama zukata har sunan Aino ya zama sunan yanka a Finlan. Matar Sibelius, shahararren mai tsara kiɗan nan, sunanta ke nan.

Haka ya yi da Lemminkäinen, wanda ya narka taurari daban-daban ya zuba su cikin mutum guda, da kuma Kullervo, maraya mai baƙin jini, wanda ya harhaɗa rayuwarsa daga waƙoƙin da ba su da alaƙa. Sa'an nan akwai abin da ya cire. Mawaƙan Kareliya Kiristoci ne mabiya cocin gabas, waƙoƙinsu cike suke da sunayen waliyyai. Lönnrot yana son nuna zamanin da ya gabaci Kiristanci, don haka ya share mafi yawan waɗannan alamu, ya tara abin da ya rage a babi na 50, inda budurwa Marjatta ta haifi ɗa, Väinämöinen kuma ya shiga jirginsa ya bar ƙasar. Watau har tarihin addinin da littafin yake nunawa shiri ne na mawallafi.

Ba ko'ina ɗinkin ya zauna ba. Lönnrot yana da buri biyu masu karo da juna: yana son ya ba da labari, yana kuma son littafin ya zama rumbun al'adun mutanensa. Inda buri na biyu ya rinjaya, labari yakan tsaya cik. A babi na 8 da na 9 gatari ya sari gwiwar Väinämöinen, jini yana zuba, amma sai an karanto asalin ƙarfe tun daga farko kafin a ɗaure rauni. A bakin mai magani wannan surkulle aiki yake yi, domin a wurinsu sanin asalin abu shi ne samun iko a kansa. A cikin littafi kuwa, ga wanda ba a yi wa bayani ba, jinkiri ne kawai. Bikin auren maƙeri Ilmarinen ya cinye babi na 20 zuwa na 25, mafi yawansa gargaɗin amarya da na ango. Ɗalibin da aka ce masa wannan waƙar jama'a ce ba shi da ta cewa a kan waɗannan wurare, domin ba a tuhumar jama'a da rashin iya tsari. Wanda ya san aikin mutum guda ne yana da damar tambaya ko an yi daidai.

To, ko jabu ce ke nan? Alan Dundes na Amurka ya sa ta cikin jabun adabin gargajiya a wata maƙala ta 1985, tare da waƙoƙin Ossian na James Macpherson. Wannan hukunci ya yi tsauri. Macpherson ya yi da'awar fassara ce daga tsofaffin matanoni, ya kasa kawo su. Lönnrot kuwa ya bar takardunsa a fili, kuma a 1849 ya bayyana da kansa cewa tun da abin da ya tara ya fi na kowane mawaƙi, yana ganin yana da 'yancin da mawaƙa suke da shi na jera waƙoƙi yadda suka ga ya dace. Ko an yarda da wannan da'awa ko ba a yarda ba, ba ta mai ɓoye hannu ba ce. Lauri Honko ya fi kusa da gaskiya da ya ware wa irin wannan aiki aji na kansa, tsakanin waƙar baka zalla da ƙagaggiyar waƙar marubuci.

Abin lura shi ne masanan Finlan sun daɗe da warware wannan matsala a gida. Julius Krohn ya soma nazarin Kalevala, ya tarar ba za a iya kafa hujja da ita a kan adabin baka ba, sai an koma ga kowace waƙa yadda aka ji ta, a wane ƙauye, daga bakin wa. Daga nan ne shi da ɗansa Kaarle Krohn suka gina hanyar nan ta kwatanta ire-iren labari ɗaya bisa wuri da zamani, wadda ta haifar da jadawalin tatsuniyoyi na Antti Aarne a 1910, wanda Stith Thompson ya faɗaɗa a 1928 da 1961. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rarraba tatsuniyoyi, har da namu, ya ci karo da wannan jadawali. Ainihin waƙoƙin kuma an buga su cikin juzu'i 33 tsakanin 1908 da 1948, aka ƙara na 34 a 1997, waƙoƙi wajen 89,000, kuma yanzu suna kan intanet.

Mu ma da ke koyar da adabin Hausa wannan tambaya ta shafe mu. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, mafi yawansa malamai ne suka rubuta shi da ajami kafin a juya shi zuwa boko. Mukan miƙa shi ga ɗalibai a matsayin adabin baka, alhali tatsuniya a gida galibi a bakin mata take, da dare, da waƙa da amshi. Sai dai bambancinmu da Finlan babba ne: su suna da abin da za su gwada littafinsu da shi ɗango bayan ɗango.

Shawarata ga mai tsara darasi ita ce a ciro Kalevala daga makon Edda, a kai ta ƙarni na 19 kusa da waƙoƙin J. L. Runeberg da tatsuniyoyin da Asbjørnsen da Moe suka tattara a Norwe suka fara bugawa a 1841, domin ƙishirwa ɗaya ce ta haife su, ta al'ummar da ke neman abin da za ta nuna a matsayin nata. Waƙoƙin baka kuma a ba su nasu darasi. Rashin jin harshen ba uzuri ba ne, domin tun 1977 Matti Kuusi da Keith Bosley da Michael Branch suka fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙin da fassarar Ingilishi a gefe, da sunan mawaƙi inda aka san shi, da wurin da aka ɗauka. Ɗalibi zai iya ajiye waƙar gasa da ta yarinyar da ta rataye kanta a hannun dama, babi na 3 da na 4 a hannun hagu, ya nemo mahaɗar da kansa. A nan ne kuma zai lura cewa yawancin ƙauyukan da aka ambata a ƙarƙashin waƙoƙin jarumtar ba a taswirar Finlan suke ba. Suna cikin Jamhuriyar Kareliya ta Rasha, inda a 1963 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka sauya wa garin Uhtua suna ya koma Kalevala, yayin da Finlan take bikin ranar Kalevala kowace 28 ga Fabrairu, ranar da Lönnrot ya sa hannu a gabatarwar bugun 1835.