Jinjina ga Malaman Kyamara

A New Bell ta Douala ana kallon finafinan Kano kamar a Fagge, amma ba kasafai ake tuna masu koyar da sana'ar ba. Sannunku da aiki, malaman Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda aka kafa a 1980, da takwarorinku na Jami'ar Bayero.

Ku ne ke tsayar da ɗalibi a rana tsaka ya ga yadda inuwa ke cinye idon ɗan wasa, ku sa shi sake ɗauka saboda ƙarar janareta ta shiga makirufo. Wajen tacewa ne aka fi jin jiki: fitowar da ɗalibi ya fi ƙauna ita za ku ce ya yanke, tunda ba ta ƙara wa labarin komai.