Horon shaho da horon yaro: nazari a kan littafin Barry Hines da fim ɗin Kes

A Hausa kalmar horo tana da fuska biyu. Idan aka ce an hori doki, ana nufin an koya masa bin linzami da ɗaukar mahayi. Idan kuwa aka ce an hori ɗalibi, sau da yawa ana nufin ya sha bulala ko an sa shi durƙuso a rana. Harshenmu ya haɗa koyarwa da hukunci cikin kalma guda, kuma mun saba da wannan haɗi har ba mu cika tsayawa mu tambayi dacewarsa ba. Akwai wani littafi da wani fim daga ƙasar Ingila waɗanda suka raba waɗannan ma'anoni biyu, suka jera su gaban mai karatu da mai kallo domin ya auna da kansa. Su ne abin da wannan nazari zai duba.

Littafin shi ne A Kestrel for a Knave na Barry Hines, wanda ya fito a shekarar 1968. Fim ɗin kuwa shi ne Kes, wanda Ken Loach ya shirya daga littafin a 1969. Hines ɗan mahaƙin kwal ne, an haife shi a 1939 kusa da garin Barnsley a yankin Yorkshire, ya yi aikin koyarwa kafin rubutu ya ɗauke shi, ya rasu a 2016. Ashe ke nan malami ne ya yi wa makaranta wannan sharhi, daga cikin aji ya ga abin da ya rubuta.

Tsuntsu da sunan littafi

Tsuntsun da ake magana a kansa wani ƙaramin shaho ne wanda Ingilishi ke kira kestrel, Faransawa kuma crécerelle. Nauyinsa tsakanin giram 150 ne zuwa 300. An san shi da tsayawa cik a sama yana fuskantar iska, fukafukai na kaɗawa kai kuwa ba ya motsi, har sai ya hango ɓera ko ƙadangare ko fara ya faɗo masa. Ba baƙo ba ne a Sahel, don wasu daga cikin irinsa sukan baro Turai lokacin sanyi su sauka ƙasashenmu.

Sunan littafin ya samo asali ne daga wani tsohon jeri na Ingila ta ƙarni na 15, inda aka raba tsuntsayen farauta bisa darajar mutane: manyan tsuntsaye na sarakuna da ƴaƴan sarauta, har a gangaro kan wannan ƙaramin shaho, wanda aka bar wa bara. Tun daga bango, marubucin ya sanar da mu cewa zancen tsuntsu zancen matsayi ne. A Ingila ta lokacin labarin, jarrabawar da yaro ke yi yana ɗan shekara 11 ita ke yanke masa makoma. Ƙalilan su wuce makarantun da ke kai mutum jami'a, galibi kuwa a tura su makarantun da ake bari a shekara 15 a nufi masana'anta ko ramin kwal. Billy Casper, jarumin labarin, yana cikin kashi na biyu, kuma saura masa ƴan makonni ya fita.

Labarin a taƙaice

Billy yana zaune da uwarsa da wansa Jud, mahaƙin kwal, wanda suke kwana gado ɗaya da shi. Uban ya daɗe da barin gida. A makaranta an riga an yanke masa hukuncin daƙiƙi kuma ɓarawo. Wata rana ya ga shahuna na shawagi bisa wani tsohon kango a gona, abin ya shiga ransa. Ya je ɗakin karatu na gari neman littafin horon shaho, aka ce sai wani babba ya sa masa hannu. Da ya rasa mafita sai ya saci littafin a kanti, ya hau kangon ya ɗauko ɗan tsako mace, ya raɗa mata suna Kes. A ƙarshe Jud ya ba shi kuɗi ya kai wa masu cacar sukuwar dawaki, shi kuwa ya sayi abinci da su. Dawakin suka ci, Jud ya huce haushinsa a kan Kes, ya kashe ta ya jefa a shara.

Yadda ake horon shaho

Ƙarfin wannan aiki yana cikin gaskiyar sana'ar da ya nuna. Ƙanen marubucin, Richard Hines, ya yi kiwon irin wannan shaho tun yana yaro bayan ya faɗi waccan jarrabawa, kuma shi ya hori tsuntsayen da aka yi fim da su. Saboda haka matakan da muke gani na gaske ne, kuma ya kamata mai karatu ya san su kafin ya fahimci hujjar labarin.

Da farko ana ɗaura wa tsuntsu ƴan igiyoyin fata masu laushi a ƙafafu, a haɗa su da wani ɗan ƙarfe mai juyawa don kada igiya ta murɗe. Mai horo yana sa safar fata a hannu. Sabon kamu ba ya ganin mutum sai a matsayin mai neman ransa, don haka yakan yi ta fizga, ya faɗo yana reto kai ƙasa. Aikin mai horo a nan shi ne ya tallabe shi a hankali ya mai da shi kan hannu, ko sau ɗari ne, ba tsawa ba gaggawa. Ana farawa a wuri mai duhu da shiru, sannan a riƙa fita da shi sannu a hankali har ya saba da mutane da karnuka da ƙarar motoci. Ranar da ya sunkuyar da kai ya ci nama a kan hannu, ranar ce aka ci rabin yaƙi, domin tsuntsun da ke tsoro ba ya kau da idonsa daga abin tsoronsa.

Daga nan sai a koya masa tsallake daga sanda zuwa hannu, taki ɗaya, taki biyu. Sai a ɗaura masa dogon zare mara nauyi a fita fili, a riƙa kiransa daga nesa ana ƙara tazara. Sai kuma a kawo wani ƙullin fata mai fukafukai da aka ɗaura wa nama, a riƙa wulwula shi a iska tsuntsun yana bi. Duk wannan yana tafiya ne da ma'auni: masu sana'ar kan auna tsuntsu kullum, don in ya ƙoshi ba zai zo ba, in ya rame ƙwarai kuma dare ɗaya na sanyi ya isa ya kashe shi. A tsuntsu ƙarami irin wannan, ƴan giram kaɗan ne tsakanin biyun. Mataki na ƙarshe shi ne kwance zaren. A ranar babu abin da ke riƙe da tsuntsu sai amanar da aka gina.

Abin lura a nan shi ne babu duka ko ɗaya cikin waɗannan matakai. Shaho ba ya gane hukunci. In ka buge shi sau ɗaya, aikin makonni ya rushe. Sana'ar da kanta ce ke tilasta wa mai ita haƙuri da lura da cika alkawari.

Makaranta a ɗaya gefen

Hines da Loach sun jera wannan horo kusa da na makaranta. Shugaban makarantar, Mista Gryce, yana tara yara ya zane su da sanda yana kukan cewa zamani ya lalace. A cikin waɗanda aka doka har da wani ɗan ƙaramin yaro da malami ya aiko da saƙo, wanda ba a ba shi damar buɗe baki ba. Malamin wasanni, Mista Sugden, yana shiga ƙwallon yara yana ɗaukar kansa Bobby Charlton, shi ne ɗan wasa shi ne alƙali, daga baya ya tsare Billy cikin ruwan sanyi don ya bari an ci su. Mai kallo yakan yi dariya a wannan wuri, amma dariya ce mai ɗaci, domin duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san irin wannan malami.

Wuri mafi muhimmanci shi ne ajin Mista Farthing. Da aka matsa wa Billy ya faɗi wani abu na gaskiya game da kansa, sai ya fara bayanin yadda ya hori Kes. Yaron da aka ce bai iya komai ba ya riƙe aji gaba ɗaya, yana jera matakai bi da bi, yana amfani da kalmomin sana'a da malamin bai taɓa ji ba, har malamin na tambayarsa yadda ake rubuta su. Ya karanta littafi mai wuya shi kaɗai domin yana da dalilin karantawa. Daga baya Farthing ya bi shi fili ya ga tsuntsuwar tana tashi, Billy kuma ya bayyana masa cewa ba ya son a ɗauke ta kamar dabbar gida: ta saba da shi ne kawai, halinta na daji yana nan, kuma wannan halin ne yake girmamawa. Yaron ya gane abin da makarantarsa ta kasa ganewa, wato ana iya koyar da mai rai ba tare da an karya shi ba.

Littafi da fim

Littafin ya tattara labarin cikin yini guda, yana komawa baya lokaci zuwa lokaci. Fim ɗin ya miƙe shi a jere. Loach ya ɗauki mutanen yankin, da yawansu ba ƴan wasa ba ne, ya bar su da karin harshensu na Yorkshire, har sai da aka sake naɗar wasu maganganu domin masu kallo na Amurka. David Bradley, wanda ya fito a matsayin Billy, ɗan makaranta ne daga Barnsley. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Biritaniya ta sa Kes a matsayi na 7 cikin fina-finan ƙasar na ƙarni na 20.

Amma littafin yana da wani abu da fim ya rasa. An umarci ɗalibai su rubuta labarin ƙarya mai wuyar yarda, sai Billy ya rubuta labarin gida mai ɗumi, da uwa mai kulawa, da uba da ya dawo, da malamai masu kirki. Rayuwar da wasu yara ke ɗauka abin yau da kullum, a wurinsa tatsuniya ce. Wannan shafi guda ya fi duk wata bulala da aka nuna ciwo.

Inda aikin ya gaza

Yabo ba ya hana gyara. Na farko, uwar Billy ba ta samu adalci ba. An nuna ta mai son shaƙatawa da sakaci, ba a ba mu damar ganin nauyin da ke kan matar da miji ya bari da ƴaƴa biyu ba. Jud ma ana iya ganinsa mugu kawai, alhali shi ne hoton abin da ramin kwal ke mai da yaro.

Na biyu, kwatancen yana da iyaka. Kes ba ta zaɓi barin sheƙarta ba, kuma yunwa tana cikin kayan aikin mai horo. Labarin ya ɗan sassauta wannan gaskiya. Ɗauko tsako daga sheƙa ba tare da izini ba laifi ne a dokar Biritaniya, wadda aka ƙarfafa a 1981, kuma masu wannan sana'a a can yanzu suna amfani ne da tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a hannu. Malamin da zai nuna fim ɗin ga yara ya wajaba ya faɗi haka, kada a tashi kallo a nufi sheƙunan tsuntsaye.

Na uku, a wajen ɗaukar fim an doki yaran da sandar da gaske domin a samu hawaye na gaske. Fim da ke la'antar duka ya yi amfani da duka. Wannan tabo ne da kyan hoto ba ya gogewa.

Akwai kuma abin da wasu ke ɗauka gazawa, alhali ƙarfi ne: Farthing bai ceci Billy ba. Ya saurare shi, ya yaba masa, amma washegari tsarin yana nan yadda yake. Jami'in neman aiki da ya gana da Billy bai gano komai game da shaho ba, takarda kawai ya miƙa masa. Marubucin ya ƙi yi mana ƙaryar cewa malami ɗaya nagari ya isa ya gyara abin da tsari ya ɓata.

Kammalawa

Ingilar da aka nuna ta wuce. An hana duka a makarantun gwamnatin Biritaniya da dokar 1986, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe kuma an rufe shi a 2015. Farauta da shaho, wadda Larabawa suka daɗe da shahara da ita kuma littattafan fiƙihu suka yi bayanin hukuncinta, hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2010. Amma tambayar da labarin ya ɗora tana nan da ranta a azuzuwanmu. Ɗan makiyayin da ya san kowace saniya da halinta, da ɗan maƙerin da ke gane zafin ƙarfe daga launinsa, da yarinyar da ke lissafin cinikin talla a ka, sau nawa muke zaunar da su a bencin baya don sun kasa faɗin abin da suka sani cikin Faransanci?

Ƙungiyoyin al'adu za su yi abin kirki in suka nuna wannan fim ga malamai, a bi shi da muhawara. Wanda kuma zai ɗauki nauyin fassara littafin zuwa Hausa, sai ya yi tunani a kan bakin Billy: in aka sa masa daidaitacciyar Hausa ta littafi an kashe shi, hakkinsa ne ya yi magana da Hausar Adar ko ta Gobir ko ta Damagaram, a bar wa shugaban makaranta harshen takarda. Mai horon shaho yana sanin ingancin aikinsa ranar da ya kwance zare. Ɗalibanmu ma akwai ranar da za su fita daga hannunmu, kuma abin da suka yi da karatunsu bayan babu mai riƙe da bulala a kansu shi ne sakamakon jarrabawar malami.