Malakai 3 da Wa'azin "Shuka Iri"

Da wuya a sami nassin da ake karantawa kafin karɓar baiko kamar Malakai 3:8-10. A ikkilisiyoyi da yawa an haɗa shi da koyarwar da ake kira "shuka iri", wato ka ba Allah kuɗi, shi kuwa ya mayar maka ninkin ba ninkin. Oral Roberts na Amurka ne ya yaɗa wannan koyarwa, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1970. Yau ana jinta har a ikkilisiyoyin ƙauye. A shekarar 2010 babban taron Lausanne da aka yi a Cape Town ya ce bisharar wadata ba ta dace da Littafi Mai Tsarki ba. Ya kamata mu da muke shirin kiwon garken Allah mu san dalili.

Akwai gaskiya a cikin wa'azin, kada mu ƙi faɗa. Dukiya ta Allah ce, mu masu riƙon amana ne, rowa kuma zunubi ce. Laifin wa'azin shi ne yakan tsinke aya daga mahallinta.

Na fari, Malakai ya fara da firistoci. Daga 1:6 zuwa 2:9 su ne ake tuhuma, domin suna miƙa makafin dabbobi da guragu a kan bagade, suna kuma sa mutane tuntuɓe da koyarwarsu. Fasto da ya tsallake surori biyu ya dira a kan ta uku ya kuɓutar da kansa, ya ɗora wa jama'a kaya.

Na biyu, ina zakkar take zuwa? Bisa ga Littafin Ƙidaya 18, abincin Lawiyawa ce, gama ba a ba su gādon ƙasa ba. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ƙara da cewa kowace shekara ta uku a tara ta a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Nehemiya 13 ya nuna abin da ya faru da aka daina kawowa: Lawiyawa suka bar Haikali suka koma gonakinsu. Ɗakin ajiyar da Malakai yake magana a kai rumbun Haikali ne, inda ake ajiye abincin Lawiyawa. A 3:5 kuma annabin ya ambaci hukunci a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da gwauruwa da maraya. Saboda haka idan muka matsa wa gwauruwa ta kawo kuɗin makarantar ɗanta a matsayin "iri", mun juya nassin a kan wadda aka rubuta shi domin ya kāre ta.

Na uku, ayar shuka da girbi ta 2 Korantiyawa 9:6 tana cikin zancen gudummawar da Bulus yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba da tilas ba, gwargwadon abin da yake da shi (8:12). Bai kuma riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, don kada wani ya sami abin zargi (8:16-22).

Babbar hasarar wannan wa'azi ita ce yana maganar kashi ɗaya, ya yi shiru a kan tara da suka rage. Manomin da ya kawo buhu ɗaya cikin goma a ranar godiyar kaka yana bukatar ya ji cewa sauran taran ma amana ce. Idan ya sayar da su da araha a kaka, damina ta same shi yana cin bashin hatsi, iyalinsa ne za su sha wuya. Yesu ya tsauta wa masu fakewa da keɓe wa Allah dukiya don su ƙi taimakon iyayensu (Markus 7:9-13). Bulus kuma ya ɗauki kula da iyali a matsayin shaidar bangaskiya (1 Timoti 5:8).

To, me za mu yi? Mu yi wa'azin Malakai daga sura ta fari. Mu koya wa masu bi lissafin abin da yake shigowa da abin da yake fita, da biyan bashi a kan lokaci, da tanadi, ko ta hanyar adashi ne. Kada fasto ya riƙe jakar ikkilisiya. Dattawa biyu ko uku su ƙirga baiko, ma'aji ya rubuta, a karanta rahoto a gaban jama'a, a kuma nuna abin da aka ware wa gwauraye da marayu. Wanda ya san inda zakkarsa take zuwa ba sai an tsoratar da shi da la'ana kafin ya bayar ba.