Hannun da Ke Bar wa Mutum Muryarsa

Goggona ta fi shekara goma tana naɗe wuyanta da gyale saboda maƙoƙo. A Zuru ba wanda ke kallon mai maƙoƙo sau biyu, an saba. Sai da kwanciyar rigingine ta fara shaƙe ta sannan ta yarda muka bi hanyar Dabai zuwa Mahuta da Koko, muka miƙe Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A can na fara ganin aikin da har yau nake jinjina wa.

Likitan bai fara da na'ura ba. Ya miƙa mata kofin ruwa, ya ce, "Mama, kurɓa ki riƙe a baki, sai na ce ki haɗiye." Ya zagaya bayanta, ya ɗora yatsunsa a gaban wuyanta. Da ta haɗiye, kumburin ya yi sama ya dawo. Wannan motsin shi ne shaidar farko: halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo tana manne da bututun numfashi, don haka dole ta bi shi. Kaluluwa ba ta yin haka. Yatsun nan kuma suna tambaya: laushi ne ko tauri kamar dutse? Ƙulli ɗaya ne ko da yawa? Ya riƙe hannunta ya ƙirga bugun jini, ya sa ta miƙe yatsu ya ga ko suna rawa. Bayan nan ne aka yi gwajin jini da sikanin, aka soka siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke ciki domin a duba ko akwai daji. Mafi yawan maƙoƙo ba daji ba ne, ƙarancin aidin ne babban tushensa, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri.

Gwanintar gaske tana ɗakin tiyata. Likita kan bi layin da ke kwance a fatar wuya ya tsaga, domin tabon ya ɓace cikin lanƙwasa. Wurin cike yake da hanyoyin jini, amma abin da ya fi tsare hankalinsa wata jijiya ce siririya kamar zaren saƙa, kwance a kwarin da ke tsakanin bututun numfashi da na abinci, ɗaya dama ɗaya hagu. Ita ke motsa murya. A ji wa ɗaya rauni, murya ta dishe. A taɓa biyun, numfashi ma ya gagara. Gwani ba ya guje mata a makance, nemo ta yake yi, ya gan ta da idonsa, ya bi ta a hankali yana janye nama daga gare ta. A bayan halittar kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita kalsiyam a jini. In aka tafi da su, leɓe ya kama tsikari, yatsu su ƙage. Dole a bar su da jinin da ke ciyar da su.

Wannan natsuwa gado ce daga Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan, wanda ya mayar da aikin maƙoƙo da ake tsoro saboda zubar jini ya zama ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. Ya karɓi kyautar Nobel a 1909.

Irin hannun nan ne ke duba nono. Da tafin yatsu ake bi, ba da tsini ba, har cikin hammata. Ƙullin da ke sulɓewa ƙarƙashin yatsa a jikin budurwa galibi ba abin tsoro ba ne. Wanda ke tayar da hankali shi ne mai tauri, marar zafi, wanda ya ja kan nono ciki ko ya mayar da fata kamar ɓawon lemo. Rashin zafin nan ne ke yaudarar matanmu, su zauna ana shafe-shafe har ya fashe. Abin yana ci mini rai, domin tun 1981 Umberto Veronesi na Milan ya nuna cewa ƙaramin ƙari ana iya cire shi a bar nonon, a bi da gashin na'ura, kuma Sakkwato na da sashen gashin. Ko a Kebbi, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana kiran mata su zo da wuri.

Da Goggo ta farfaɗo daga tiyatar maƙoƙonta, likitan ya sunkuyo kanta ya ce, "Sannu Mama, daga wane gari kika zo?" Ya san amsar sarai, muryar yake so ya ji. Ta haɗiyi yawu da ƙyar, ta ce, "Zuru, ɗana." Muryarta ce, wadda muka sani. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a katinta, ya wuce gado na gaba.