Ƙirgar Kasuwa a Ƙasar Rano

Daga ɗaya zuwa goma Bahaushe da bakinsa yake ƙirga, amma da ya kai ashirin sai ya shiga aron Larabci: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har casa'in. Kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa, kafin malamai da fatake su shigo da ƙirgar Larabawa ta zauna daram. Wasu kalmomin aron ma sun tsufa sun bar mu, irin su metan, wato 200, da arbaminya, 400, da alfen, 2,000. Da wuya a sami matashi a Rano ko Kibiya da zai gane su yau.

Kuɗin wuri ne ya raini wannan ƙirga. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, kuma mai sayar da turkudi dole ya iya ƙirga dubbai. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Biyar-biyar ake jan wurin da yatsu ana tara shi tsibi-tsibi: hauya 20, zangu 100, keso guda 20,000. Mai wannan aiki ragewa ta fi masa sauƙi, kuma a ganina shi ya sa har yau muke cewa ashirin ba ɗaya, ɗari ba biyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kasuwa ke riƙe sunan kuɗi bayan kuɗin ya mutu. An daina fam da sule a Nijeriya tun 1973, amma dattijo mai cinikin akuya ko damin dawa a ƙauyukan Kibiya yana iya cewa jaka biyar, yana nufin naira dubu, domin jaka fam ɗari ce, fam kuwa naira biyu. Idan aka haura Maraɗi, jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Mai awo da ba ta taɓa shiga aji ba tana juya wannan lissafi a ka, ba ta kuskure ko kwabo.

Yanzu wani aron ya shigo, na Turanci, kuma ya bambanta da na Larabci. Wancan ya narke ya zama Hausa, wannan kuwa ture ta yake yi gaba ɗaya. Lambar waya da Turanci ake faɗa, haka lambar asusun banki a wajen mai POS, kuma akwai ɗalibin da zai rubuta 78 amma ya yi shiru idan aka ce ya faɗe ta da Hausa. Yaron da ke taya uwarsa awo da tiya ya riga ya iya tarawa da ɗebewa, sai makaranta ta sa ya ji kamar bai san komai ba.

Malaman firamare na Rano da Kibiya, ku fara koyar da lissafi da harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Iyaye kuma, idan kun aiki ɗa kasuwa, ku faɗa masa kuɗin da Hausa, ya dawo ya yi muku lissafin canji da Hausa.